Yadda Ake Jinyar Ƙumbar Teku a Cikin Akwatin Gilashi

A wannan makon allon bango zai kai mu ƙarƙashin teku. Duk wanda ya taɓa wasa a bakin kogi ya san ƙumba, halittar nan mai ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa kamar murfin akwati. To a cikin teku akwai yayarta, wadda masana kimiyya ke kira Tridacna. Tana zaune a ruwa mai ɗumi kuma marar zurfi, tsakanin duwatsun murjani na Tekun Indiya da Tekun Fasifik, har da Bahar Maliya, wato tekun da garin Jidda da na Port Sudan ke bakinsa. Mafi girma a danginta, Tridacna gigas, tana wuce mita ɗaya a tsawo, nauyinta kuma yana haura kilo 200. Sai dai ƙananan dangin ne, irin su maxima da crocea da derasa, mutane a Amurka da Turai da Japan ke saya su ajiye a gida, cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri, tare da murjani mai rai da kifaye masu launi. Kamar kowace dabba, ita ma tana jin rauni. Tambayar ita ce, yaya ake jinyar dabbar da ba ta da kai, ba ta kuka, ba ta ɗingishi, kuma ba za a iya ɗura mata magani ba?

Kafin a amsa, sai an san yadda take rayuwa. Idan ta buɗe, wani nama mai laushi yakan fito ya lulluɓe bakin ɓawon, shuɗi ko kore ko ruwan zinare, da ɗige-ɗige kamar an yi masa zane. Mu kira shi mayafi. A cikin wannan mayafi akwai miliyoyin ƙwayoyin gansakuka waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke amfani da hasken rana su haɗa abinci, kamar yadda ganyen itace ke yi, sannan su raba da ƙumbar. Ita kuma ta ba su mazauni, ta ba su dattin jikinta su yi taki da shi. 'Yan ajin kimiyyar halittu za su tuna darasin zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin halittu biyu. Ga misalinsa nan. Ƙumbar tana tace ruwa ta sami ɗan abinci, amma yawancin abin da take rayuwa da shi daga wannan gona ta cikin mayafinta yake fitowa. Kuma mayafin ne dai ke gina ɓawo, yana ɗaukar sinadarin kalsiyam daga ruwa yana jera shi kaɗan kaɗan a gefe. Saboda haka idan ciwo ya hana ta shimfiɗa mayafinta, abu biyu ne suka tsaya lokaci ɗaya: ba ci, ba gini. 

Masu kiwo suna da wani gwaji mai sauƙi. Mayafin yana da ɗaruruwan ƙananan idanu da ke gane haske da inuwa. Idan aka gitta hannu ta saman akwatin inuwa ta faɗa mata, lafiyayya za ta zabura ta ja mayafinta ciki, bayan ɗan lokaci ta sake buɗewa. Wadda ta yi jinkiri, ba ta jin daɗi. Wadda ba ta motsa ko kaɗan ba, ta yi nisa. Alama mafi muni ita ce a ga ɓawon ya wangame, mayafin ya janye can ciki, ƙofar da take shaƙar ruwa ta buɗe har ana hango cikinta. Wannan yana nuna tsokar da ke riƙe ɓawon biyu ta saki.

Wani mummunan rauni da ke kashe su kuwa ba a sama yake ba, a ƙasa yake, kuma galibi hannun mai ita ne ke jawo shi. A gindin ƙumbar akwai wata kafa inda wasu zarurruka masu ƙarfi ke fitowa su manne da dutse, don kada igiyar ruwa ta tafi da ita. Zarurrukan ba a waje kawai suke ba, tushensu yana cikin wata gaɓa da ke haɗe da kayan cikinta. Sai mutum ya ga wurin da ta zauna bai yi masa kyau ba, ya kama ta ya fizga. Zaren ba zai tsinke ba, gaɓar ce za ta yage, wani lokaci ta fito gaba ɗaya da farin nama a jikinta. Daga sama ba za a ga komai ba. Ƙumbar na iya yin kwanaki tana buɗewa kamar lafiya lau, sannan wata safiya a tarar ta wangame. Shi ya sa idan dole ne a ɗaga ta, akan karkata ta a hankali, a sa reza mai kaifi a yanke zarurrukan a daidai inda suka haɗu da dutse, nesa da jikinta. Za ta tsiro da wasu. Masu dabara ma tun ranar farko sukan ɗora ta a kan ɗan faifan dutse ko rabin ɓawon wata ƙumbar, ta manne a can, duk ranar da za a matsar da ita sai a ɗauke ta da mazauninta.

In kuwa aikin gama ya gama, gaɓar ta yage, babu ɗinki babu ɗauri. Abin da za a iya yi shi ne a toshe hanyar masu cin nama. Ƙanshin rauni yana kiran tsutsotsin teku masu ƙaya da ƙananan ƙaguwa da jatan lande, kuma ta wannan kafa ta gindi suke shiga. Sai a zaunar da ita a tsaye a cikin ɗan kwanon roba mai tsabta ko a kan dutse mai santsi, kada gindin ya taɓa yashi, a kife mata kwandon raga wanda haske da ruwa ke ratsawa. Daga nan sai jira. A nan ya kamata a bambance abu biyu: manyan ƙumbobi, musamman derasa da gigas, sukan zubar da tsohon curin zarensu da kansu idan nauyinsu ya isa ya riƙe su. Ganin curin zare a kan yashi ba abin tsoro ba ne matuƙar babu tsokar nama manne da shi.

Fashewar ɓawo ta fi ban tsoro a ido, amma ta fi sauƙi. Idan dutse ya faɗo ya ɓantare gefen ɓawo, mayafin bai yage sosai ba, ita za ta cike gurbin da kanta cikin makonni ko watanni. A cire ɓarɓashin da ke sukar naman, a bar sauran.

Akwai kuma raunin da ba a san mai yin sa ba. Da rana komai lafiya, amma kullum mayafin sai ƙara tsukewa yake. A nan tocila ce kayan aiki. Akan jira sa'a ɗaya ko biyu bayan an kashe fitilun akwatin, sannan a haska gefen ɓawon da ƙarƙashinsa. Sau da yawa za a ga wasu fararen katantanwa ƙanana, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, sun jeru a bakin ɓawon suna tsotsar ruwan jikinta. Da rana sukan ɓuya a gindi ko a cikin yashi. Ɗaya ko biyu ba za su kashe ta ba, amma suna hayayyafa da sauri, kuma ƙwansu yana manne da ɓawon cikin wani abu mai yauƙi. Maganinsu buroshin goge haƙori: a fitar da ƙumbar cikin kwano mai ruwan akwatin, a goge ɓawon lungu lungu ba tare da taɓa naman ba, a maimaita bayan 'yan kwanaki har sai an daina ganinsu, domin ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe. Idan za a mayar da ita, akan jujjuya ta a hankali cikin ruwa don iskar da ta maƙale a ciki ta fita.

Kifaye ma ba a bar su a baya ba. Waɗanda masu kiwo ke kira kifin mala'ika da kifin malam-buɗe-littafi sun shahara da tsinkar mayafi. Cizon kansa ƙarami ne. Illar ita ce ƙumbar da ake tsinka sau da yawa a yini takan gaji ta zauna a rufe, gonarta ta rasa haske. Ɗayansu dole ya bar akwatin, kuma a ganina kifin ne ya kamata ya fita, tunda shi ba a manne yake ba. Haka nan a duba maƙwabta: wasu nau'o'in murjani suna miƙo dogayen hannaye da dare su harbi duk abin da ke kusa, sai a ga gefe ɗaya na mayafin kaɗai ya ƙanƙance, wato gefen da ke fuskantar maƙwabcin.

Wata cuta kuma takan sa gefen mayafin ya tattare kamar an mintsine shi, alhali babu katantanwa babu kifi. Ana danganta ta da wata ƙwayar cuta mai suna Perkinsus, kuma tana yaɗuwa daga wannan ƙumba zuwa waccan. Abin da masu kiwo suka saba yi shi ne tsoma ta cikin tataccen ruwa marar gishiri, wanda aka daidaita ɗuminsa da tsaminsa da na akwatin, na kamar rabin sa'a. Ƙumbar takan rufe ta jure, ƙwayar cutar kuwa ba ta jurewa. Amma wannan magani ne mai ɗaci. Wadda gaɓarta ta yage, ko wadda ta riga ta wangame, tsomawar za ta iya ƙarasa ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga kowace irin matsala a ruga a tsoma, ba a tsaya an gano dalili ba.

Sauran jinyar duk a ruwa take. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowane kilo, kuma haka ake so na akwatin ya kasance. Ba gishirin miya ake zubawa ba, wani haɗi ne na musamman mai ɗauke da sauran sinadaran teku. Ɗumin ruwa ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, kalsiyam kuma tsakanin miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, don ta sami abin gina ɓawo. Abin da ya fi lambobin muhimmanci shi ne kada su riƙa hawa da sauka. Ruwa yana ƙafewa amma gishiri ba ya bin sa, don haka kullum sai an cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri. Fitila da famfon da ke juya ruwa kuma ba sa son hutu; 'yan sa'o'i ba wuta sun isa iskar numfashi ta ragu a ruwan, wanda hakan kaɗai ya isa ya sa mai sha'awar irin wannan kiwo a garuruwanmu ya fara tunanin sola da batir kafin ya yi tunanin ƙumba. Kada a ƙara mata haske farat ɗaya da sunan taimako, domin hasken da ya yi yawa yakan sa ta zubar da gansakukarta ta koma fari. Kada kuma famfo ya riƙa busa mata ruwa kai tsaye har mayafin yana naɗewa. Wani abin mamaki shi ne ruwan da ya cika tsabta ma yunwa ne a gare ta, tunda gansakukar na buƙatar ɗan taki. Sannan duk maganin kifi da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe guba ne ga ƙumba da murjani, ko kusa da akwatin kada ya zo.

Me ya sa ake wannan wahala a kan ƙumba ɗaya? Kuɗi na ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. An kwashe su daga teku saboda namansu da ɓawonsu har suka ƙare a wurare da dama. Tun shekarun 1980 duk danginsu suke ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi tsakanin ƙasashe, kuma a 2024 ƙungiyar IUCN ta sa Tridacna gigas cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Da yawa daga waɗanda ake sayarwa yanzu a gonakin ruwa ake renonsu, a tsibirai irin su Palau, kuma sai an yi shekaru ana kula da ɗaya kafin ta kai girman tafin hannu.

Ba kowace ce ke tashi ba. Idan naman ya fara rabuwa da ɓawo, ko aka ɗaga ta aka ji wari, ta mutu, kuma a fitar da ita nan take. Jikinta yana ruɓewa da sauri, ammoniyar da zai saki na iya kashe kifayen ƙaramin akwati cikin dare ɗaya. Wadda za ta rayu kuwa, da farko za a ga tana zabura da inuwa kamar da, sannan mayafin ya riƙa ɗan ƙara fitowa kowace rana har ya rufe bakin ɓawon. Bayan wasu makonni, idan aka gitta hannu ta ja mayafinta, sai a duba gefen ɓawon da kyau. Za a ga wani siririn layi fari tas a saman tsohon ɓawon da ya yi duhu. Sabon gini ne, kuma daga ranar ake cire mata kwandon raga.