RUMBU KAFIN BARDE: DABARUN CIN WASAN YAƘI NA KWAMFUTA

Malaman makaranta a ƙasar Dawakin Kudu da Kura da Bunkure, kamar takwarorinsu na ko'ina, suna kukan cewa wasannin waya da na kwamfuta sun ɗauke hankalin samari daga karatu. Kukan nan yana da hujja. Amma akwai wasa guda da mu ke roƙon malamai su duba tun ba su yanke masa hukunci ba, gama tarihin ƙasarmu a ke bugawa a cikinsa.

Sunansa Age of Empires III, na kamfanin Microsoft na Amurka. An fara fitar da shi cikin 2005, aka sabunta shi cikin 2020. Cikin 2021 aka yi masa ƙari mai suna The African Royals, aka shigar da Hausawa da Habashawa. Wanda ya zaɓi Hausawa, Kano ce babban birninsa. In kuwa kwamfuta ce ta riƙe su, da sunan Sarauniya Amina ta Zazzau ta ke yaƙi. Mai wasa yakan fara da talakawa kaɗan da Sarki guda, ya gina gari, ya tara mayaƙa, ya kara da abokin gaba. Ga dabaru huɗu na cin nasara, kowacce kuwa tana da shaida a tarihinmu.

Ta fari, rumbu kafin barde. Kuskuren sabon shiga shi ne gaggawar tara dakaru tun bai tara abinci ba. Kada ka daina ƙara talakawa, kada kuma ka bar ko ɗaya zaune. Ka gina rumbu kusa da inda su ke farauta ko noma, domin yana ƙara musu saurin aiki. Akwai kasuwar shanu inda a ke sayar da dabba a karɓi itace ko zinariya, amma ka bar saniya ta yi ƙiba tukuna, sa'an nan ta yi daraja. Manomin rani na Kadawa ya riga kowa sanin wannan. Tun da aka gama madatsar Tiga cikin 1974 ruwa ya ke isa gonakinsu, duk da haka ba mai sakinsa sai ya gyara fangali.

Ta biyu, neman magoya baya. Ban da abinci da itace da zinariya, Hausawa suna tara abu na huɗu a wasan, wanda za mu kira faɗa-a-ji. Jami'a ce ke kawo shi, yana kuwa ƙaruwa in an gina ta kusa da fada da tsakiyar gari da zangon fatake. Da shi a ke ɗaukar sojan haya, a sayi igwa. Haka kuma ba a hawa daga wani zamani zuwa na gaba sai an ƙulla amana da wata al'umma, kamar Fulani ko Yarabawa ko mutanen Maroko. To, a tuna da Basasar Kano. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu cikin 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Yusufawa suka fita birni suka sauka Takai, suka yi ta jawo garuruwan karkara zuwa gefensu. Cikin 1894 Aliyu Babba ya shiga Kano, Tukur ya fita. Gidan sarauta yana hannun Tukur, jama'a tana hannun Alu, sai mai jama'a ya rinjaya.

Ta uku, kada ka dogara ga irin mayaƙa ɗaya. An gina wasan bisa ƙa'idar kowane gwani da gwaninsa. Masu mashi da 'yan bindiga suna karya dawaki, 'yan baka suna karya masu mashi da 'yan bindiga, dawaki kuma suna tattake 'yan baka da masu igwa. Barden lifidi na Hausawa yana da jimirin shan sara, amma dūkansa ba shi da zafi ƙwarai. Saboda haka shi za ka sa a gaba ya tare, 'yan bakan Fulani suna bayansa suna ruwan kibau. Lifidi ba baƙo ba ne a Kano, domin Tarihin Kano ya nuna Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo shi tare da kwalkwali da sulke. Amma a Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da tarin dawaki, jama'ar Shehu kuwa yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, ga shi su suka kore shi.

Ta huɗu, ganuwa jinkiri ta ke saya, ba nasara ba. Wanda ya kewaye garinsa ya zauna ciki, ya bar wa abokin gaba daji da ma'adinai da hanyar fatake, ba da jimawa ba zai ji igwa a ƙofarsa. Ka riƙa aika mahayi leƙen asiri, ka kuma tari igwa da dawaki tun tana kan hanya. Badalar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara, ta tsare birni ɗaruruwan shekaru. Amma da Kanar Morland ya taso daga Zariya cikin 1903, igwa ta fasa ƙofar Bebeji ran 1 ga Fabrairu, Kano kuma ta faɗi ran 3 ga wata, Sarki Alu ba ya gari.

Sai dai muna jan kunnen malamai bisa abu biyu. Na ɗaya, wasan ya cakuɗa zamanai, har mutum ya ga Amina da Ingilishi a fage guda, alhali akwai ƙarnoni tsakaninsu. Aikin malami ne ya warware wa yaro wannan, ya sa shi ya rubuta abin da wasa ya faɗa daidai da abin da ya kuskure. Na biyu, a wasa wanda aka ci yakan danna maɓalli ya sake sabon lale. Waɗanda suka kwanta a Bebeji da Kwatarkwashi ba su sami haka ba, jikokinsu kuwa suna nan cikinmu. Yaron da bai san wannan ba, ko ya ci kwamfuta sau ɗari, bai san yaƙi ba.

A ƙayyade wa yara lokacin wasa, a sa littafi kusa da su. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa yaƙinmu ya tsaya a kan allon kwamfuta, amin.