Daga Kano Zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Jirgin Sama?

Duk lokacin da aikin Hajji ya ƙarato sai musu ya ɓarke a aji. Wani ya ce kakarsa awa 6 da rabi ta yi kafin ta sauka a Jidda, wani ya rantse babansa awa 2 da rabi kacal ya yi da zai dawo. Mu 'yan kulab mun ɗauko taswira da biro mun yi lissafin.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, nisan ya kai wajen kilomita 3,400 idan aka miƙe sak. Babban jirgin fasinja yana gudun kilomita 850 ko kusa da haka a awa ɗaya. Kun tuna abin da muka koya a darasin lissafi: a raba nisa da gudu, sai a sami lokaci. Idan ka raba 3,400 da 850 za ka sami 4. Amma jirgi ba ya fara wannan gudun tun daga ƙasa. Sai ya hau sama a hankali, kuma dole ya rage gudu kafin ya sauka, wani lokacin ma ya yi ta shawagi yana jiran a ba shi izini. Don haka mu ce awa 4 da rabi.

To ina 6 da rabi ta fito? Daga agogo. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, kuma Jidda tana gabas da Kano da kimanin digiri 30. Shi ya sa agogon Saudiyya yake gaba da namu da awa 2. Jirgin da ya tashi daga Kano ƙarfe 10 na safe zai sauka ƙarfe 2 da rabi a agogonmu, amma agogon bangon filin jirgin Jidda 4 da rabi zai nuna. Hajiya ta duba ta ƙirga, ta ga 6 da rabi. A dawowa kuma abin juyewa yake yi: a tashi ƙarfe 10 na can, a sauka 12 da rabi na nan. Ashe babu wanda ya yi ƙarya, sun dai manta da awa 2 ɗin nan ne. Wanda bai san wannan ba zai iya zuwa tarbar alhaji a makare, ko ya buga masa waya ƙarfe 10 na dare yana murna, alhali can sha biyu ta yi, bawan Allah ya kwanta.

Akwai kuma maganar hanya. Miƙaƙƙen layin yana ratsa Chadi da Sudan, sannan ya tsallake Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 an rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka riƙa zagayawa, tafiyar ta ƙara tsawo, man da ake ƙonawa ma ya ƙaru.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ta wannan gabas ɗin kakanninmu suke bi a ƙafa da jakuna da raƙuma har bakin teku, su shiga jirgin ruwa. Wasu sai sun yi shekaru, suna tsayawa su yi noma don su sami guzuri. Da yawa ma can suka zauna, har yau jikokinsu suna Sudan suna jin Hausa.

Ga tambayarmu ta wannan mako: jirgi ya bar Jidda ƙarfe 1 na dare a agogon can. Ƙarfe nawa zai sauka a Kano a agogonmu? Ku kawo amsa kafin ranar Juma'a, za mu liƙa sunan wanda ya fara cinkawa.