Kirsimeti Biyu a Ƙasar Masar

Sa'ad da muka bar gida a watan Agusta na 2024, mun yi wa tsohuwarmu alkawari cewa in Ubangiji ya yarda za mu komo mu yi Kirsimeti tare da ita. Ekklesiya ce ta aike mu birnin Alkahira, a ƙasar Masar, domin mu koyar da Turanci da lissafi a wata makaranta da masu bi suka buɗe saboda 'ya'yan 'yan gudun hijira. Mu biyar muka tafi, mu da uwargida da yara uku.

Da watan Nuwamba ya kama, muka zauna da takarda da fensir, muka yi lissafin kuɗin jirgi na mutum biyar, zuwa da komowa. Lissafin bai daɗe ba. Ko da za mu tara albashin wata huɗu, ba ci ba sha, ba zai kai ba. Da dare muka buga wa tsohuwa waya muka gaya mata. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ba kome. Allahn da ke nan shi ne ke can." Daga baya ne ƙanwarmu ta gaya mana tun da damina tsohuwa ta sayi ɗan akuya tana kiwonsa saboda jikokinta.

Muna ba ku labarin nan, 'yan'uwa, gama mun sani gidaje da yawa cikin masu karatu suna da nasu a waje, waɗansu wajen karatu, waɗansu wajen aikin asibiti, waɗansu wajen aikin bishara.

RANAR DA BA TA YI KAMA DA KIRSIMETI BA

A ƙauyenmu, can ƙasar Malumfashi, ba sai an duba kalanda ba. Hunturu ya busa, an gama kai amfanin gona gida, tela ba ya barci saboda ɗinki, Zumuntar Mata suna koyon sababbin waƙoƙi da tulu da kacau-kacau, ƙanshin cincin yana fita daga kowane gida. Ko makaho ya san Kirsimeti ta zo.

A Alkahira kuwa, ranar Laraba, 25 ga Disamba, muka tashi muka leƙa ta taga. Ga motoci sun cika hanya, ga ma'aikata suna gaggawar zuwa ofis, ga mai gurasa a kan keke da faifansa a ka, kamar kullum. Ranar aiki ce. Akwai sanyi, har ya fi na hunturunmu shiga ƙashi, amma babu ƙura, babu ganga, babu yaro ko ɗaya da sababbin tufafi. Autanmu, mai shekara shida, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya juyo ya ce, "Baba, a garin nan ba a haifi Yesu ba?" Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Uwargida ta shige ɗakin girki ba ta ce kome ba.

Muka yi shiri muka tafi sujada a babbar majami'ar Anglika ta All Saints da ke Zamalek, wani tsibiri a tsakiyar Kogin Nilu. A can muka tarar da baƙi irinmu daga ƙasashe dabam dabam, da mutanen Sudan masu yawa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu, 2023, dubban ɗaruruwan mutane suka ƙetaro zuwa Masar, yawancin ɗalibanmu ma daga cikinsu suke. Bayan an tashi, a filin majami'a, waɗansu matan Sudan suka kama waƙa da tafi, ɗayarsu ta rangaɗa guɗa, irin ta matanmu sak. Nan hawayen da uwargida ta riƙe tun safe suka zubo. Mu da muke kukan kuɗin jirgi, ga mu tsaye cikin mutanen da ba su da gidan komawa ko da an ba su jirgi kyauta, suna kuwa yabon Ubangiji.

KWANON DA YA KOYA MANA DARASI

Da muka komo, uwargida ta dafa shinkafa da miyar kaji. Bisa ga al'adar gida, sai an fitar da na maƙwabta kafin a ci. Muka aiki babbar 'yarmu da kwano zuwa ƙofar da ke fuskantar tamu, gidan wani dattijo Kirista da matarsa, Ƙibɗawa. Jim kaɗan sai ga dattijuwar ta biyo yarinyar, tana godiya, tana kuma ba da haƙuri. Ashe azumi suke yi. Ba za su ci nama ba sai nan da kwana 13. Ta roƙi izini ta miƙa wa mai gadin gidan, wanda Musulmi ne, ya kuwa karɓa da murna.

Kunya ta kama mu. Wata huɗu muna gaisawa da mutanen nan a matakala, ba mu taɓa tambayarsu yadda suke bin Ubangiji ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Washegari dattijon ya kira mu shan shayi, ya bayyana mana.

Ekklesiyar Ƙibɗawa tana cikin mafiya daɗewa a duniya. Sun riƙe cewa Markus, marubucin Bishara, shi ya kawo musu Maganar Allah a birnin Iskandariya. Kafin Kirsimeti sukan yi azumin kwana 43, daga 25 ga Nuwamba zuwa 6 ga Janairu. Cikin kwanakin nan ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu, sai wake da ganye da gurasa, da kifi a waɗansu ranaku. Ranar bikinsu ita ce 7 ga Janairu, tun shekarar 2003 kuwa ta zama ranar hutu ga dukan ƙasar.

Me ya kawo bambancin? Ba gardama ba ce a kan bangaskiya, lissafin kwanaki ne kawai. Tsohuwar kalandar Romawa ta ɗauki shekara a kan kwana 365 da kwata, wannan kuwa ya ɗara ainihin shekara da wajen minti 11. Ƙananan mintocin nan suka yi ta taruwa har suka zama kwanaki. A shekarar 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara lissafin, aka tsallake kwana 10, ita ce kalandar da muke bi yau. Ƙibɗawa suka tsaya a kan tsohon lissafi. Kalandarsu tana da wata 12 masu kwana 30, da wani ɗan ƙaramin wata mai kwana 5 ko 6. Suna tuna haihuwar Almasihu ran 29 ga watansu na Kiyak. A dā ranar nan takan faɗi daidai da 25 ga Disamba, amma yanzu tazarar ta kai kwana 13. Kiristan Habasha ma haka suke yi.

BAƘINMU NA YAMMA

Bari mu koma ranar Laraban. Da la'asar baƙin da muka gayyata suka iso: wata gwauruwa daga Duwatsun Nuba na Sudan da 'ya'yanta biyu, ɗalibanmu, da waɗansu samari uku 'yan ƙasar Hausa masu karatu a Jami'ar Azhar. Mun gamu da su ne a kasuwa, inda muka ji Hausa a bayanmu muka waiwaya. Musulmi ne, biyu daga Kano, ɗaya daga Damagaram. Da muka gayyace su, ɗayansu ya ce a unguwarsu bai taɓa rasa shinkafar Kirsimeti daga maƙwabta ba, ba zai fara rasawa a Masar ba. Suka zo mana da ƙullin daddawa da kuka, abin da babu shi a kantunan unguwarmu.

Sauran kayan kuwa ƙasar ba ta hana mu ba. Zoɓo yana ko'ina, suna ce masa karkade. Akwai tsamiya, akwai kuɓewa, har goruba suna jiƙawa su sha. Miyar da suka fi so, wadda suke kira mulukiya, ba wani abu ba ne, lalo ne. Muka zauna a ƙasa mu goma sha ɗaya, ana Hausa, ana Larabci, ana Turanci.

Da dare muka kira gida ta WhatsApp. Agogon Masar yana gaba da namu da awa ɗaya a wannan lokaci na shekara. Tsohuwa ta sa aka juya wayar domin yara su ga tukunya. An yanka ɗan akuyan, ta tara marayun unguwa suna ci. Ta ce wa autanmu, "Maigidana, rabonka ne na ba waɗannan, ka yafe?" Ya ce, "Na yafe, Kaka."

INDA UBANGIJINMU YA YI BAƘUNCI

Cikin kwanakin hutu muka hau jirgin ƙasa na cikin gari muka sauka a tashar Mar Girgis, a tsohuwar Alkahira. A can akwai majami'ar da ake kira Mu'allaƙa, wato ratayayya, gama an gina ta ne a bisa ƙofar wata tsohuwar kagara ta Romawa. Kusa da ita, ta wani ƙunƙuntaccen lungu, akwai majami'ar Abu Sarga. A ƙarƙashinta akwai wani ɗan kogo inda Ƙibɗawa suka gāda daga kakanninsu cewa Yusufu da Maryamu da jaririn sun fake.

Littafi Mai Tsarki bai faɗi sunan garin da suka sauka ba, mun kuwa gaya wa yara haka. Abin da Matiyu ya rubuta a sura ta biyu ya isa: mala'ika ya gargaɗi Yusufu cikin mafarki, ya tashi da dare ya ɗauki yaron da uwarsa suka gudu Masar saboda Hirudus, suka zauna har sarkin ya mutu. Shekara nawa muna koyar da wannan a makarantar Lahadi, muna wuce shi da sauri domin mu kai ga wani labari? A bakin kogon nan ne muka tsaya muka yi tunani. Yusufu ma ya nemi ɗakin kwana a wurin mutanen da ba ya jin harshensu sosai. Maryamu ma ta yi girki da abin da kasuwar baƙi ta ba ta. Idi ya zo ya same su nesa da dangi. Muka kama hannun autanmu muka ce, "Ka tambaya ko an haifi Yesu a garin nan. Ba a nan aka haife shi ba, amma ƙasar nan ce ta ɓoye shi sa'ad da ake neman ransa."

DAREN 6 GA JANAIRU

Maƙwabtanmu suka tafi da mu sujadarsu ta dare. A bakin ƙofa akwai 'yan sanda da na'urar bincike, gama an kai hari a majami'ar Butrusiya a Alkahira a watan Disamba na 2016, an kuma kai a Tanta da Iskandariya ran Lahadin Dabino ta 2017. Wannan bai zama mana baƙon abu ba. Mu ma ba mu manta da Madalla ba, ranar Kirsimeti ta 2011. Da yawansu suna da ɗan zanen gicciye a wuyan hannun dama, tun suna yara.

Sujadar ta yi tsawo, da Ƙibɗanci da Larabci, da turare, da ƙarar ƙananan kuge. Hanyarsu ba irin tamu ba ce, ba mu kuma fahimci yawancin kalmomin ba. Amma da aka zo karatun Bishara mun gane sunan Baitalami, mun gane sunan Yesu. Wajen tsakar dare aka tashi, kowa ya nufi gida buɗe baki. Aka ajiye mana fatta, wato gurasa da shinkafa da nama, an zuba romo da tafarnuwa. Da safe dattijuwar ta komo mana da kwanonmu cike da kahak, wani ɗan gashi mai garin sukari, wanda Musulmin ƙasar ma suke yi da Ƙaramar Salla. Autanmu ya ce shi kam Masar ta fi, tun da Kirsimeti biyu ake yi.

ABIN DA MUKA KOYA

Ga iyalan da ke baƙunci, shawararmu ita ce, ku gaya wa yara gaskiya da wuri in ba za a je gida ba. Mu mun ɓoye musu har mako biyu, ɓoyon kuwa ya ƙara musu zafi. Kada ku ci bashi domin ku sauka a ƙauye da manyan akwatuna, ku shekara kuna biya. Ku riƙe abin da za ku iya riƙewa na gida: addu'ar iyali da harshenku, waƙoƙin da kuka iya, da tuwo in ya samu. Ku tambayi maƙwabta al'adarsu kafin ku aika da kwano. Kada kuma ku rufe ƙofa ku zauna ku kaɗai kuna ƙirga abin da kuka rasa, gama akwai wanda ya fi ku kewa a kusa da ku.

Ku kuma da ke gida, kada ku ɗora wa naku na waje nauyi da maganar "kowa ya zo sai ku". Ku kira su, ku yi addu'a tare ta waya. Sa'an nan ku duba cikin majami'arku. Akwai ɗan bautar ƙasa da bai sami kuɗin mota ba, akwai ma'aikaciyar asibiti da aiki ya tsare, akwai iyalin da tashin hankali ya kora daga ƙauyensu. In kun zuba shinkafa bana, ku fitar da nasu.

Muna roƙonku ku riƙa tunawa da ɗalibanmu cikin addu'a, da ƙasar Sudan, da tsohuwarmu, Ubangiji ya ba ta tsawon rai har mu cika mata alkawari. Ta aiko mana cewa ta riga ta sa ido a kan wani ɗan akuyan.