Sifirin omega na kulocin Porsche 911

Sifirin omega wani lanƙwasasshen ƙarfe ne mai siffar harafin Girkanci Ω, wanda ke rage wa direba nauyin taka kuloci a tsofaffin motocin Porsche 911 na ƙasar Jamus. Ana samunsa a ƙarƙashin giyabos samfurin 915, kamar na 911 SC (1978 zuwa 1983) da Carrera har zuwa 1986. Daga 1987 kamfanin ya koma giyabos G50, mai kulocin da ke aiki da mai maimakon waya.

Mayar da shi ya fi cire shi wuya. Makanike yakan shafa giris, ya zaunar da sifirin a mazauninsa tun bai ɗaure ba, sannan ya sa babbar sukudireba ya tura hannun kulocin har sifirin ya tsallake tsakiya da ƙara. A nan ne yatsa ke shiga haɗari, domin ƙarfen da ƙarfi yake fizga. Bayan haka ana saita tazarar hannun a milimita 1.2, a maƙala wayar kuloci, a ja ta har tazarar ta koma milimita 1.0. Idan sifirin ya tsage ko bai zauna daidai ba, kulocin yakan yi tauri a ƙafa.