Yadda masana ke gwada ƙwayar cutar ƙyanda wajen yaƙar sankara

A shekarar 1971 likitoci biyu a Uganda, Bluming da Ziegler, suka ba da rahoton wani yaro ɗan shekara takwas mai fama da sankarar Burkitt, wadda ta fi kama yaran Afirka. Yaron ya kamu da ƙyanda, sai kumburin da ke gefen idonsa ya sace. Irin wannan lamari ne ya sa masana suka fara tunanin ko ƙwayar cutar na iya cinye ƙwayoyin sankara.

Amsa mafi ƙarfi ta fito a 2014 daga asibitin Mayo da ke Amurka, ƙarƙashin Dakta Stephen Russell. An yi wa mata biyu masu sankarar ɓargo allurar ƙwayar ƙyanda ta jijiya, bayan sauran magunguna sun gaza. Ƙwayar irin ta rigakafi ce wadda aka raunana, aka kuma sauya mata halitta a ɗakin bincike, kuma adadin da aka ba kowacce ya isa a yi wa mutum miliyan 10 rigakafi. Ɗaya daga cikinsu, mai shekara 49, ta yi zazzaɓi mai zafi, daga baya aka nemi alamun cutar a jikinta aka rasa. Ta biyun ta samu sauƙi kaɗan, cutar ta dawo.

Ƙwayar tana shiga ƙwayoyin jiki ta wata kafa mai suna CD46, wadda ta fi yawa a ƙwayoyin sankara. Idan ta shiga sai ta hayayyafa, ta manne su da juna har su mutu, garkuwar jiki kuma ta farga ta ƙarasa aikin. Cikas ɗin shi ne, wanda ya taɓa yin ƙyanda ko rigakafinta, jininsa kan kashe ƙwayar kafin ta isa wurin. An zaɓi matan biyu ne saboda ƙarancin wannan kariya a jikinsu.

Har yanzu gwaji ne. Mai jinya daga Apapa ko Agege da ya je cibiyar sankara ta asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, gashi da maganin da ake sawa ta jijiya zai tarar. Kuma kada wani ya ji wannan labari ya bar yaro ya kamu da ƙyanda: ta gari tana kisa, tana makantarwa. Rigakafinta kyauta ne a cibiyoyin lafiya na gwamnati, a wata tara da wata 15.