Yadda ake kai rahoton kuskure da gyara manhajar GNU Radio

GNU Radio na daga cikin manhajojin da ake sarrafa siginar rediyo da su a kwamfuta. Eric Blossom ne ya fara ta a shekarar 2001 da tallafin John Gilmore, kuma an rubuta ta da harsunan C++ da Python. Lasisinta na GPL ya bai wa kowa damar duba rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya kuma raba wa wasu.

Amfaninta bai tsaya a ɗakin gwaji ba. A 2014, wasu masu aikin sa-kai sun yi amfani da ita wajen sake tuntuɓar kumbon ISEE-3, wanda hukumar NASA ta Amurka ta harba tun 1978.

Kuskure a irin wannan manhaja ba kasafai yake bayyana kansa ba. Tana iya ci gaba da aiki lafiya lau, alhali matatar sigina na fitar da alƙaluman da ba daidai ba. Ɗalibi ko injiniyan da ya dogara da su zai gina bincikensa kan sakamako mara tushe, kuma kuskuren zai ci gaba da samun wasu muddin ba a faɗa ba.

Ana kai rahoto ne a ma'ajiyar manhajar da ke GitHub. Da farko mutum zai duba ko wani ya riga shi. Sannan ya cire na'urar rediyon, ya gwada da siginar da kwamfuta ta ƙirƙira, domin sau da yawa laifin na eriya ne ko na waya. Idan matsalar ta maimaitu, sai ya faɗi lambar sigar da yake amfani da ita, da irin kwamfutarsa, da abin da ya yi tsammani, da abin da ya gani. Ya kuma haɗa ƙaramin misali da wani zai iya gwadawa, saboda kuskuren da ba a iya maimaitawa yana da wuyar gyara.

Mai son gyarawa da kansa zai kwafi ma'ajiyar, ya yi gyaran a wani reshe daban, ya haɗa da gwajin da ke nuna kuskuren ya kau. Dole ne ya sa hannu kan shaidar DCO, wadda ke tabbatar da cewa yana da haƙƙin miƙa aikin. Daga nan gwaje-gwaje za su gudana da kansu, masu kula da manhajar su duba, su nemi ƙarin gyara ko su amince.

Gyaran kan fara shiga babban reshe, sannan a kai shi sigar da jama'a ke amfani da ita, kamar 3.10.