Batirin Abin Hawa a Zafin Bazara

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, maganar abin hawa mai aiki da lantarki ta shiga bakin 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta samu tashar cajin mota mai amfani da hasken rana tun 2021, lokacin Jelani Aliyu yana shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Sai dai mai niyyar sayen irin wannan abin hawa a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya kamata ya fara yin shawara da watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kwanon rumfa kuma ya fi haka nesa ba kusa ba.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne caji ya yi wa batir yawa. A cikakkiyar mota da ta fito daga kamfani, da wuya hakan ta faru. Batirinta ɗaruruwan ƙwayoyi ne na litiyam, kuma akwai na'ura mai gadinsu, wadda masu gyara ke kira BMS. Kowace ƙwaya tana da iyaka: bolt 4.2 a wani nau'in, 3.65 a nau'in LFP. Da zarar an kai nan, sai BMS ta datse wuta. Idan ka ga caji yana tafiyar hawainiya da tsakar rana, ko ka ji fanka tana ruri alhali mota na tsaye, ba lalacewa ba ce, batirin ake sanyayawa.

Abin da ke cin batirin mota a ƙasa mai zafi shi ne a cika shi fal, sannan a bar shi a rana. Masu Nissan Leaf a Arizona ta Amurka sun ɗanɗana wannan a 2012, domin batirin motar ba shi da ruwan sanyaya, ƙarfinsa ya riƙa raguwa tun motar tana sabuwa. Wanda zai sayi tokunbo ya tambayi yadda ake sanyaya batirinta kafin ya tambayi launinta. Zirga-zirgar cikin gari ba ta buƙatar fiye da kashi 80 cikin 100. A bar cikawa sai ranar doguwar tafiya, Funtuwa ko Sakkwato.

Inda caji yake wuce ƙa'ida da gaske shi ne babur da keke masu araha, kuma mafi yawan lokuta caja ce mai laifi. Mutum ya ga bakin cajar maƙwabcinsa ya shiga, an kuma rubuta 72 a jikin duka biyun, shi ke nan sai ya jona. To amma cajar batir mai ruwa tana tura kusan bolt 88, shi kuwa na litiyam mai jerin ƙwaya 20 iyakarsa 84. Da BMS tana nan, da ta hana. Abin takaicin, akwai masu gyaran da idan mai babur ya kawo kukan cewa batir yana yanke masa wuta, sai su tsallake na'urar da guntuwar waya, a biya su, kowa ya tafi yana murna. An sallami maigadi ke nan don ya cika tsayar da baƙi.

Batir mai ruwa, irin wanda ke cikin gidajen da suka koma sola saboda ɗauke-ɗauken wuta, nasa halin daban. Ana saita cajin kowane guda ɗaya a kan kusan bolt 14.4, amma lissafin digiri 25 ne. Idan ɗaki ya kai 40, ya kamata a sauke shi zuwa wajen 14. In ba a yi ba, ruwan zai riƙa tafasa yana ƙafewa, ya fitar da iskar da ƙyastu ɗaya ke isa ta kama da wuta. Ƙarin digiri goma kan rage kusan rabin kwanansa.

Binciken caja da batir ba ya buƙatar komai sai mita da hanci. A duba rubutun jikin caja a gwada da na batir. A auna wutar da take fitarwa lokacin da aka ce ya cika. Caja mai lafiya takan sauya launin fitila ta tsaya. Wadda ta kwana ba ta sauya ba, a ajiye ta. Warin ruɓaɓɓen ƙwai alamar mai ruwa ne yana dahuwa. A na litiyam kuwa, kumburi, ko huci, ko wani ƙamshi-ƙamshin sinadari, ko zafin da hannu ba zai jure ba, duk suna nufin a cire caja nan take, a janye shi fili nesa da ɗaki. Idan ya fara hayaƙi, a nisance shi a kira 'yan kwana-kwana, domin wutarsa kan mutu ta sake tashi.

Wanda ya dawo daga Tsafe da la'asar, batir na huci, ya ba shi ko da rabin sa'a a inuwa kafin ya jona. Kada kuma a yi caji a zaure, ƙofar da iyali za su bi su fita.